Yadda zaku kula da mai tarin da yayi kama da tibi amma ba tibi ba

Innata ta sha maganin tarin fuka wata 6 cur, bata taɓa tsallake ko rana ɗaya ba, amma tarin nan yana nan, ga rama ga zufa da daddare, har mutanen garinmu nan wajen Ringim suka fara cewa sammu ne. Ashe wata ƙwayar cuta ce dangin ta tibi, likitoci suna ce mata NTM, a ƙasa da ƙura da ruwa take zama, kuma tafi kama wanda huhunsa ya taɓa samun rauni, kaman wanda yayi tibi a baya ko mai HIV ko tsofaffi.

Toh abu na farko dai gwaji. In aka duba kaki a madubin likita aka ga ƙwaya amma na'urar gwajin tibi, wato GeneXpert, tace babu tibi, ko an gama magani tari bai tafi ba, dan Allah kar ku koma kemis, ku roƙi a tura ku babban asibiti kaman na Malam Aminu Kano, a shuka kakin a ɗakin gwaji a ga wace ƙwaya ce zata tsiro. Yana ɗaukan makonni, kuma sai an samu a kaki biyu daban-daban, a haɗa da hoton ƙirji, kafin likita ya tabbatar.

Maganin yana da tsawo wallahi, ku shirya zuciyarku tun yanzu. In irin NTM ɗin da tafi yawa ce, wadda ake kira MAC, yawanci kala uku ake haɗawa, azithromycin da rifampicin da ethambutol, kuma ana ci gaba da sha har wata 12 bayan kaki ya dena nuna ƙwayar, kunga kenan an haura shekara. Fitsari zai koma ja-ja saboda rifampicin, wannan ba komai. Amma in mai ciwon yace ganinsa ya fara dishi-dishi ko baya bambance ja da kore, ko kunne na ƙara, ku koma wajen likita a ranar, kar ku jira ranar da aka rubuta muku.

Abinda na ga yafi sauƙaƙa mata rayuwa shine fitar da kaki. Safe da yamma ta zauna a miƙe, ta ja numfashi a hankali har ciki sau uku ko huɗu, ta riƙe kaɗan, sai ta huro da baki a buɗe kaman mai hura wa madubi tururi, sannan tayi tari. Ranar da tayi wannan tafi samun barci, ta sha ruwa sosai kuma.

Mun hana ta shiƙa da zama wajen casa, girki da kara a ɗaki ma mun dena, in zatai shara a yayyafa ruwa tukun ta sa takunkumi, balle da hunturu. Abinci kaɗan-kaɗan amma akai-akai, kunun gyaɗa, wake, ƙwai, nonon da aka dafa madararsa, ana auna nauyinta duk zuwa asibiti.

Sai maganar ware mata kwano da kofi, wannan ita tafi yi min ciwo. Ciwon nan ba'a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum irin na tibi, da likita ya faɗa mana haka a ranar na maida jikokinta ɗakinta, yanzu da su take cin tuwon dare.