Yadda za ka koya wa yaro zaɓin yanayi da lissafin yiwuwa da gwangwanin wake

Yaranmu na Agege da Idi-Araba a Legas masu shirin jarrabawar WAEC sukan haddace zaɓin yanayi (yadda halittun da suka fi dacewa da muhallinsu suke fin tsira da yaɗuwa) a ajin bayoloji, su haddace yiwuwa a ajin lissafi, ba su san Ɗanjuma ne da Ɗanjummai ba. Wake zai nuna musu cikin rabin sa'a.

Samo farin wake irin wanda ake saukewa daga Arewa a kasuwar Mile 12, da jan waken nan da Yarbawa ke kira oloyin. Ƙirga ƙwaya 50 na kowanne, ka nemi faffaɗan kwali mai ruwan ƙasa.

Fara da lissafi. Zuba duka 100 a leda, ka tambayi yaron: in ka sa hannu ido rufe, mene ne yiwuwar ka zaro fari? 50 cikin 100 ne, wato rabi. Ya rubuta.

Sai ka watsa waken a kan kwalin. Yaron shi ne tsuntsu, waken kuma ƙwari. Ba shi daƙiƙa 30 ya tsinta da yatsu biyu, ƙwaya ɗai-ɗai, duk wadda idonsa ya fara faɗawa a kai. Ka sa masa ido, don yaro mai wayo zai dumbuza, wasan ya lalace.

Nan ne wurin tsayawa. A ce ya tsinci fari 30 da ja 10, tun da fari ya fi fitowa a kan kwalin, ja kuwa ya saje da shi, saura fari 20 da ja 40. Kowane fari ya shiga fili da damar tsira 20 cikin 50, ja kuwa 40 cikin 50, ninki biyu ke nan. Yiwuwar zaro fari kuma ta sauko daga rabi zuwa 20 cikin 60, kashi ɗaya cikin uku. Yanzu waɗanda suka tsira su "haihu": ƙara wa kowace ƙwaya guda irinta, fari 40, ja 80. In ya sake lissafi zai ga har yanzu ɗaya cikin uku ne, domin ci ne ya sauya rabon. Ku yi zagaye uku.

Tambaye shi: akwai farin waken da ya rikiɗa ya koma ja? Babu. Yawancin ɗalibai nan suke tuntuɓe, suna rubuta cewa dabba takan sauya kanta don ta tsira. Abin da masanin halittu Charles Darwin ya bayyana a 1859 shi ne bambancin yana nan tun farko, mai dacewa da muhalli ya fi barin 'ya'ya. A Manchesta ta Ingila an fara ganin baƙin nau'in wani malam-buɗe-littafin dare a 1848. Hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa, tsuntsaye suka riƙa cinye masu haske, zuwa 1895 kusan 98 cikin 100 baƙaƙe ne.

Sarƙar abinci, wato jerin wa ke cin wa, ba ta da wuya bayan wannan. Ya zana ciyawa, fara, kadangare, shaho, kibiya tana tashi daga wanda aka ci zuwa mai ci, kada ya juya ta ya yi asarar maki a banza.

In da sauran lokaci, sauya kwalin da farin mayafi, ka sa ya rubuta hasashensa kafin ya fara tsinta.