Darasi na Bakwai: Haɗa Lokacin Barbarar Shanun Tatsa

Saniya mai lafiya wadda ba ta da ciki takan nemi sa duk bayan kwana 21, wata a kwana 18, wata har 24. Babbar alama ita ce ta tsaya cik idan 'yar'uwarta ta hau ta. Sai dai shanunmu, Bokolo da Bunaji da Rahaji, ba sa daɗewa a wannan hali. Awoyi kaɗan ne, sau da yawa kuma cikin dare. Kafin a kira malamin dabbobi daga Birnin Kebbi ko Argungu ya iso ruga da maniyyin bijimi, lokaci ya wuce. Shi ya sa ake yi wa shanu allura don su nemi sa tare, malami ya zo rana ɗaya ya yi musu barbarar hannu.

Hanya mafi sauƙi ita ce allurar Furostagalandin, maganin da ke sa saniya ta nemi sa, sau biyu, da tazarar kwana 11 ga karsana, kwana 14 ga saniyar da ake tatsa. Bayan ta biyu, yawancinsu za su nemi sa cikin kwana 2 zuwa 5. Wadda aka gani da safe a yi mata barbara da yamma, wadda aka gani da yamma a bari sai wayewar gari.

Hanya ta biyu ana kiranta Ovsynch, daga Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta fito a 1995. Ranar farko allurar GnRH, maganin da ke sa saniya ta saki ƙwan haihuwa. Bayan kwana 7, Furostagalandin. Bayan kwana 2 kuma, a maimaita GnRH. Daga nan a ƙirga awa 16 zuwa 20 a yi barbara, ko an ga alama ko ba a gani ba. Wanda ya tsallake allura ɗaya, ko ya jinkirta ta don ranar kasuwa ce, ya zubar da kuɗinsa.

Kafin allura dole malami ya duba ciki. Furostagalandin yana sa saniya mai ciki ɓari, kuma garken da bijimi ke yawo a cikinsa ba a rasa mai ƙaramin ciki wanda ido bai gani ba. Mace mai juna biyu da mai ciwon asma kada su taɓa kwalbar, domin maganin yana ratsa fata. A bar saniya ta huta aƙalla kwana 45 zuwa 60 bayan haihuwa. Ramammiya wadda ake ƙirga haƙarƙarinta daga nesa ba allura take bukata ba, abinci take bukata: harawa, dusa, kowar wake, angurya, gishiri da isasshen ruwa. Masu kiwo a fadamun Argungu da Yawuri su fara da maganin ciwon hanta da sammore. Wadda ta taɓa ɓari a gwada ta ko bakkale ne, ciwon da ke sa shanu ɓari.

Zaɓin wata ma yana da nasa tasiri. A Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ciyawa ta ƙare, ciki ba ya kamawa sosai. Barbarar Satumba ta fi, shanu sun ƙoshi, kuma da yake ciki wata tara ne da 'yan kwanaki, haihuwa za ta faɗo a farkon damina.

Ko an yi komai daidai, ba kasafai rabin shanun ke ɗauka a zagaye ɗaya ba. A sa ido daga kwana 18 zuwa 24 don a ga masu sake nema, a kuma duba ciki bayan wata biyu.

Yanzu ga abin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi damun mu. Makiyayi yana sanin saniya mai albarka ne ta yadda take saurin komawa neman sa bayan haihuwa, da yadda take haihuwa a kai a kai. 'Ya'yanta yake ajiyewa don iri. Allura tana rufe wannan bambanci. A ce shanu biyu sun haihu mako ɗaya. Ta farko da kanta ta nemi sa a kwana 50, amma aka bar ta tana jiran sauran garke. Ta biyu da an ƙyale ta sai ta kai wata biyar shiru. Aka yi musu allura tare, duka suka ɗauki ciki a kwana 80. A littafi sun zama ɗaya, alhali ta farko an tauye ta, ta biyu kuma magani ne ya ɗaga ta. Idan aka ajiye karsanar ta biyu don iri, ana iya tara garken da ba ya haihuwa sai da kwalba.

Haka yake wajen auna bijimi. Ana sanin darajarsa ne daga 'ya'yansa mata, nononsu da haihuwarsu. Abin da gado ke bayarwa a saurin ɗaukar ciki kaɗan ne, bai kai kashi 10 cikin 100 na bambancin da ake gani tsakanin shanu ba, saura abinci ne da lafiya da kulawa. Saboda ƙanƙantarsa, rubutun da ya cakuɗa shanun allura da waɗanda suka nema da kansu yana iya binne shi gaba ɗaya, a yabi bijimin da bai cancanta ba. A kwatanta mai allura da mai allura, a kwatanta mai nema da kanta da irinta.

Don haka kowace saniya ta samu shafinta: suna ko lambar kunne, ranar da ta haihu, ranar da aka fara ganin ta nemi sa ko da ba a yi barbara ba, irin allura da ranakunta, sunan bijimi, da abin da duban ciki ya nuna. A gefen kowace barbara a sa harafin K idan da kanta ta nema, harafin A idan allura ce.

Aikin gida: kowa ya buɗe shafi ga shanu biyu daga garkensa, ya cike abin da ya sani, ya kawo aji mu karanta tare.