Gwada Tabaran VR Kafin Kwarjini Ya Ja Ka

Idan Mark Zuckerberg na kamfanin Meta (mai Facebook) ko Tim Cook na kamfanin Apple ya hau dandamali yana tallar tabaran VR, wato na'urar da ake sawa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin duniyar da kwamfuta ta ƙirƙira, kwarjininsa kan sa mutum ya ji lallai sai ya saya. Ni dai shawarata, kashe bidiyon, ka nemi inda za ka ɗora shi a fuskarka.

Ka yi aƙalla rabin awa da shi. Nauyin tabaran Quest 3 na Meta giram 515 ne, Vision Pro na Apple kuwa ya kai 600 ko fiye. A minti biyar ba za ka ji komai ba, can gaba goshi da kumatu za su fara tsami, kuma wannan ne ya fi damuna. Daidaita tazarar gilasan da idanunka, ka karanta ƙananan rubutu. Juya kai da sauri, in jiri ya taso, cire shi nan take. Batirin kuwa kusan awa 2 yake yi.