Tafiya da ɗaukar hoto ga wanda firgici bai sake shi ba

Wanda ya tsira daga hari, ko ya baro gida a guje kamar mutanen Kolofata da Fotokol a arewacin Kamaru, sau da yawa jikinsa kan kai tudun mun tsira amma zuciyarsa tana can. Ƙarar babur kawai ta isa ta tayar masa da hankali. Ɗaukar hoto yana ba ido aikin yi: mai neman inda haske ya sauka a kan dutse, hankalinsa yana kan abin da ke gabansa.

Ka fara da hanyar da ka sani, minti 20 zuwa 30, sau uku a mako, tare da wanda ka yarda da shi. A Marwa, bakin kogin Mayo Kaliyawo da rani ya wadatar, ga yashi ga inuwar darbejiya. A Garwa, gaɓar Binuwai. Duwatsun Rumsiki da dutsen Mindif sai daga baya, da ɗan jagora. Kada ka koma inda abin ya faru. Hanyoyin daji na bakin iyaka a bar su, akwai nakiyoyin da aka binne. Gada, bariki da shingen sojoji ba a ɗaukar su.

Ka fita da hantsi bai ɗaga ba, ko da la'asar sakaliya, da ruwa lita ɗaya. Hasken tsakar rana yana ƙone hoto, kuma a Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40.

Wayar hannu ta isa. Kashe data. Goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi, don ƙura ce ke sa hoto dishi-dishi. Taɓa allo daidai kan abin da kake so ya fito, ka ɗan rage haske kada sama ta yi fari fat. Jawo hoto da yatsa yana farfasa shi. Gara ka taka ka matsa. In hazon hunturu ya rufe duwatsu, duba ƙasa: tsagewar laka, sawun shanu, ɓawon kuka. Hoto biyar kacal a fita ɗaya, domin zaɓen shi ke tilasta maka tsayawa ka duba da kyau.

In zuciya ta fara dukan uku-uku, tsaya. Dafa itace, ka ambaci abu biyar da kake gani, ka ja numfashi, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Ku koma gida, gobe a rage tafiyar. Amma in mugun mafarki da rashin barci sun wuce wata guda, ko tunanin cutar da kai ya zo, sai asibiti, ba a jira.