Yadda ake shiga sahun masu kwaikwayon sojan ƙasa na Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu

A Amurka da Turai akwai mutane, daga malaman makaranta zuwa makanikai da 'yan fansho, da kan ware ƙarshen mako su sa kakin sojan Amurka na 1941 zuwa 1945, su kafa tantuna, su nuna wa jama'a yadda ƙaramin soja ya rayu a fagen daga. A kowane watan Agusta sukan yi dandazo a garin Conneaut na jihar Ohayo, a bakin tafkin Erie, su kwaikwayi saukar da sojojin ƙawance suka yi a gaɓar Nomandi ta ƙasar Faransa ranar 6 ga Yuni 1944. Ga hanyar da mai sha'awa zai bi.

Da farko nemi ƙungiya kafin ka sa hannu a aljihu. Je wurin taronsu, tsaya bakin tanti, yi ta tambaya. Ƙungiyoyi da yawa suna da kayan aro domin sababbin shiga, kuma kowace na da jerin abin da ta yarda a sa. Wanda ya fara da kasuwa yakan kwaso abin da za a ce masa ya mayar jaka.

Sannan ka tsayar da ko wane ne kai: wace runduna, a ina, a wane wata. Nan ne gizo ke saƙar. Sojan Runduna ta 29 da ya sauka gaɓar Omaha a Nomandi galibi jaket M1941 ce a jikinsa, da riga da wandon ulu, da gajeren takalmi wanda aka ɗaura wa marufin kambas a ƙwauri. Zuwa lokacin sanyin ƙarshen 1944, wasu rundunoni sun karɓi jaket M1943 da dogon takalmi mai maɗauri biyu. Ka gauraya su, masana za su hango ka tun daga nesa. Hotunan rundunar ne alƙali, ka zauna da su ka duba aljihu da maɓalli da inda aka rataya shebur. Baƙar fata kuma ya sani cewa sojan Amurka na wancan zamani a ware yake, sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawar da wariyar. Runduna ta 92, wadda ta yi yaƙi a Italiya, ta baƙaƙe ce, kuma a ganina labarinta ya fi buƙatar mai ba da shi.

Wajen sayayya fara da takalmi, ka yi ta yawo da shi makonni kafin taro, don sabon takalmi ba ya raga wa dunduniya. Sai hular kwano M1, da ɗamarar harsashi mai aljihu 10, da gorar ruwa, da jakar baya. Sayi na kwaikwayo. Na asali ya haura shekara 80, bai kamata a birgima da shi cikin taɓo ba.

Bindiga ce ta ƙarshe. M1 Garand tana cin harsashi 8, nauyinta ya ɗan haura kilo 4, kuma dokar mallakarta ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga jiha zuwa jiha. Harsashin wasa da ake harbawa a wurin taro ba shi da dalma, amma wutar da ke fita a bakin bindiga tana iya raunata na kusa, shi ya sa ake binciken makamai kafin a shiga fili, kuma ba a saita kowa kai tsaye. Toshe kunnenka. A Najeriya kuwa farar hula ya sa kakin soja laifi ne, kada wani ya ce zai gwada a unguwa.

Ka shiga a farabiti. Kada ka liƙa wa kanka igiyar saje ko lambar yabon da ba a ba ka ba. Rage suma, ɓoye waya da agogon zamani, koyi fareti.

Ranar taro yara za su tambaye ka me soja ke ci. Buɗe musu kwalin abincin K, guzurin soja na fagen daga, wanda ake rabawa uku a rana, na safe da na rana da na dare, ka miƙa musu hular kwanon su ji nauyinta, ka gaya musu mutum 12 ne a rukuninku, ɗaya na riƙe da babbar bindiga BAR.