Furen tattasai na zuba a rumfa: kurakuran da muka fi yi a Jos

Ka shiga rumfar leda da sassafe, ka tarar da ƙananan fararen furanni zube a kan murfin bokiti kamar an watsa shinkafa. Shuka ta yi kore shar, ganye ya yi faɗi, amma ɗa ko ɗaya bai kama ba. Masu noman tattasai da attarugu a cikin ruwan sinadari, ba tare da ƙasa ba, duk sun san wannan ɓacin ran. Abin da yawancinmu ke yi da farko shi ne mu ruga mu ƙara taki, kuma sau da yawa nan ne kuskuren yake farawa.

Tattasai ba kasafai yake zubar da fure saboda yunwa ba, ya fi zubarwa saboda yanayi. Idan zafin rana a cikin rumfa ya haura digiri 32, ƙurar furen da ke yin barbara takan lalace, furen ya yi rawaya daga wuya ya faɗi. Haka ma idan dare ya yi sanyi ƙasa da digiri 13 ko kusa da haka. Mu a Jos duka biyun suna samunmu. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, shi ya sa a Disamba da Janairu hunturu ke sa dare ya yi sanyin da tattasai ba ya jurewa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuma, rumfar leda da aka rufe ruf takan koma tanda da tsakar rana, ko da a waje iska na kaɗawa. Mutum zai ce ai Jos ba zafi, alhali shukar tana cikin leda ne, ba a tsakar gida ba. Ka nemi ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa, ka rataye shi daidai da tsayin furanni, ba a bakin ƙofa ba. Da rana a ɗaga gefen leda, a shimfiɗa ragar inuwa a sama; da yamma a rufe tun kafin sanyi ya sauka. Abin da ake nema shi ne rana tsakanin digiri 21 zuwa 29, dare tsakanin 16 zuwa 21.

Sai maganar barbara, wadda masu shuka a cikin ɗaki da fitila suka fi mantawa da ita. Furen tattasai yana da sashen namiji da na mace a cikinsa, ba ya buƙatar wata shuka. Amma sai an girgiza shi ƙurar take sauka inda ya dace. A gona iska da ƙudan zuma ne ke yin wannan aikin ba tare da an biya su ba. A ɗakin da aka rufe taga, babu mai yi sai kai. Shekarar da na fara, na yi wata guda ina zargin takin da na saya, ashe ɗakin ne ba ya motsi, ko labule ba ya kaɗawa. Ƙaramar fanka da ke sa ganye ya ɗan yi rawa ta isa ta canza lamarin. Idan kana son tabbaci, da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ka bi shukokin kana ɗan ƙwanƙwasa igiyar da aka ɗaure su da ita. Wasu suna ɗora bayan burushin haƙori mai batir a wuyan fure na daƙiƙa biyu. Idan ka sa baƙin murfi a ƙasa za ka ga farar ƙura tana sauka. Idan ba ka ga komai ba, to ko dai laima ta yi yawa ƙurar ta manne, kamar yadda ake gani a Agusta lokacin da ruwa ba ya ɗaukewa, ko kuma busasshiyar iskar hunturu ta busar da bakin furen. Laima tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari ita ce daidai.

Shi kuwa takin, yawansa ya fi ƙarancinsa ɓarna. Naitirojin mai yawa yana sa shuka ta zuba ƙarfinta a ganye ta manta da 'ya'ya. Na sha ganin wanda ya narka Yuriya ko NPK 15-15-15 na gona a cikin tanki don ya yi tsimi. Wannan taki na ƙasa ne, ba a haɗa shi don saiwar da ke cikin ruwa ba, kuma ba shi da isasshen kalsiyam da sauran ƙananan sinadarai. Da zarar fure ya fara, a koma haɗin da ya fi fotasiyam. A riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 5.5 zuwa 6.5, EC kuma, wato ma'aunin ƙarfin takin da ya narke a ruwan, wajen 2 zuwa 3. Ruwan burtsatse ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, don haka kada ka kwafi ma'aunin maƙwabcinka, auna naka.

Akwai kuma matsalar wuta. Idan aka ɗauke ta, famfon da ke hura iska a cikin ruwa ya tsaya, saiwa ta fara shaƙewa, musamman idan ruwan ya yi ɗumi, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Shukar da ta sha wannan wahalar na wasu awoyi, abin da take fara yarwa shi ne fure. Ɗaga murfi ka duba: saiwa mai lafiya fara ce, idan ta koma ruwan ƙasa tana yauƙi tana wari, an makara kaɗan. Ƙaramin sola da batir na famfon iska kaɗai ya fi sabuwar fitila muhimmanci. Fitilar ma, idan babu hasken rana, tana buƙatar awa 14 zuwa 16 a kunne, ba yau takwas gobe sha biyu ba.

Kafin ka gama bincike, ka kakkaɓe fure ɗaya a kan farar takarda. Idan ka ga wasu sirara-siraran ƙwari kamar tsinken gashi suna gudu, su ne tirips, kuma a cikin fure suke ɓuya su tsotse shi. Tarkon takarda mai danƙo, shuɗi ko rawaya, yana nuna yawansu tun da wuri. Fesa magani kuwa sai da yamma, ba a kan buɗaɗɗen fure cikin rana ba.

Wani zubar furen ma ba ciwo ba ne. Attarugu yakan fitar da fure biyu, uku ko fiye a gaɓa ɗaya, ba zai iya riƙe su duka ba. Tattasan da ke ɗauke da manyan 'ya'ya shida ko bakwai zai zubar da sababbin furanni har sai ka tsinke wasu. Furen farko da ke fitowa a inda kara ya rabu gida biyu, masu kai manyan tattasai kasuwar Farin Gada ta Jos da hannunsu suke cire shi, don shukar ta ƙara ƙarfi kafin ta ɗauki kaya.