Darasi na Bakwai: Mayar da Itatuwan Gida Cikin Unguwa

A Kano akwai unguwar Kurna, akwai Giginyu, akwai Tsamiyar Boka. A Kaduna akwai Unguwar Rimi. Duk sunayen itatuwa ne. Yau a unguwanni da yawa suna ya rage, itacen ya tafi, siminti da kwano sun maye gurbinsa. Siminti yana shan rana ya yi ta amayar da zafi har dare, kuma ba ya barin ruwan sama ya shiga ƙasa. Shi ya sa bazara ke gasa mu, damina kuma ta cika mana kwata.

Darbejiya tana da inuwa, amma baƙuwa ce daga Indiya. Namu na gida su ne tsamiya, aduwa, kurna, magarya, kuka da gawo. Sun saba da fari. Gawo ma abin mamaki ne: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, lokacin da aka fi neman inuwa.

Kafin ka sayi dashe, duba filin makaranta ko gefen maƙabarta, ko akwai kututture mai toho. Zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa, don haka zai riga sabon dashe girma. Da wannan dabara manoman Maraɗi suka fara a shekarar 1983, har Nijar ta farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200.

In dashe za ka yi, bari ruwa ya zauna, wajen watan Yuli. Haƙa rami mai zurfin rabin mita, faɗinsa ma haka. Gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Yage ledar, kada ka binne ta. Ka nisanci katanga da wayar lantarki, musamman in gamji ne ko ceɗiya, don saiwarsu na fasa gini.

Babbar abokiyar gaba akuya ce. Kewaye dashen da ƙaya ko tsohon kwando tun ranar farko, ba gobe ba. Ranin farko kuwa ruwan alwala ya ishe shi, in ana ba shi kullum.

Aikin gida: rubuta sunayen itatuwa biyar da ke unguwarku. Tambayi wani dattijo waɗanda suka ɓace, ka rubuta su a ƙasa.